Wasiƙa daga Tudun Wada: Ka Fara da Tsakar Gidanka

Tudun Wada,
Kaduna.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal, yaya ruwa? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna sosai. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Saƙonka ya iso. Na daɗe ina juya maganar baƙar tokar nan da ta addabi garinku tun 2016, wadda ka ce ko farar riga ba ka iya shanyawa a waje saboda ita. Ka ce abin ya sa ka fara tunanin muhalli, amma ba ka san ta inda talaka zai kama ba, tunda masu dafa ɗanyen mai a daji da manyan kamfanoni sun fi ƙarfinka. Gaskiyarka, wannan nauyi a wuyan hukuma yake. Sai dai akwai ɓarnar da daga gidajenmu take fita, ita kuwa gyaranta ba ya jiran kowa, ba ya kuma cin kuɗi. Yawancinsa ma rage maka kashe kuɗi zai yi.

Da leda nake so ka fara, domin ita ce ta fi damuna. Ka san halinmu a nan: hadari na haɗowa sai ka ga yara sun fito da bokitan shara suna juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Ledar fiya wata da baƙar leda su toshe ƙarƙashin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, wadda ta samu wucewa kuma ta faɗa Kogin Kaduna. Mutanen Kigo Road da Rafin Guza sun san abin da ambaliya take nufi. Ba leda kaɗai ke jawo ta ba, akwai gini a kan hanyar ruwa, amma ledar daga hannunmu ta fito. Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne.

A babbar sallar da ta wuce, ina tsaye mahauci ya farka tumbin ragon maƙwabcinmu, ya zaro wani dunƙulen leda da ya cure da igiya, baƙi ƙirin, ya fi kan jariri girma. Sai a lokacin mai ragon ya gane dalilin da dabbar ke ta ramewa duk dusa da harawar da ake zuba mata. Mahaucin ko mamaki bai yi ba, ya ce kullum suna gani.

Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma ta hana farar robar zuba abincin nan a 2024. Kafin dokar ta zo ƙofarmu, ka ajiye bakko guda a mota ko a ƙarƙashin kujerar babur, duk cefane ya shiga ciki. Mai tumatir zai miƙo maka leda, mai albasa ya ƙara wata, ka ce a bar ta. In za a aiki yaro sayen ƙosai ko koko, a ba shi kwano mai murfi kamar yadda aka riƙa ba mu muna yara. Zuba abu mai zafi a leda ma ba alheri ba ne ga ciki. Ka sayi gora mai kyau ka riƙa cikawa daga gida. Abu ɗaya kuma da nake roƙonka ka faɗa wa uwargida: kada a hura gawayi da leda, kada a ƙona ta a shara. Hayaƙinta guba ne, kuma mai girki da yaron da ke goye a bayanta su ne na farkon shaƙa.

Sharar gida kuwa, in ka raba ta za ka ga ba ta da yawa. Ka tuna Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta nan Kaduna? Har yanzu in ka shiga, ƙarar guduma ba ta barinka ka ji maganar na kusa da kai. Gwangwanin lemo a narka shi a zuba tukunya, tsohon kwanon rufi da gangar mai su koma murhu da akwati. Waɗannan mutane suna wannan aiki tun kafin a fara taron sauyin yanayi a otal, kuma ban ga ana ba su girman da ya kamata ba. To ka ware buhu ɗaya na ƙarfe da gwangwani, 'yan gwangwan su saya. Robobin ruwa a wanke a ba masu zoɓo da kunun aya. Ɓawon doya da na ayaba da ragowar ganye a ba awaki, in babu a haƙa ɗan rami a bayan gida a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, bayan 'yan watanni ya zama taki.

Sai murhu. Duk motar gawayin da ka gani ta shigo gari an lafta mata buhuna, itatuwa irin su kirya da kaɗanya aka sare, itatuwan da ke shekaru kafin su girma. Ba zan ce maka kowa ya koma gas ba, na san kuɗinsa. Amma a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a haɗa kayan miya kafin a hura wuta, in an gama a kashe garwashin da ya rage a ajiye na gobe. Murhu mai tsimin gawayi, irin mai yumɓu a ciki, yana mayar da kuɗinsa. Kuma a yi girki inda iska ke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shan wahalarsa.

Batun lantarki ba sai na tsawaita ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aljihu ya koya wa kowa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ƙaramar sola ta fitila da cajin waya da fanka tana hutar da janareta, ta hutar da kunnen maƙwabta. Ruwa ma haka: a gyara famfon da ke ɗiga, a yi alwala da buta maimakon a saki famfo. Annabi (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ɗaya ba. Mu nan muna tara ruwan indararo a duro. Ku da ke da toka a sama, ku bar shi ga wanki da ban-ruwa, kada a sha.

Bishiya kuwa, ka san bambancin tafiya a cikin GRA ta Unguwar Rimi da tsakar rana a watan Maris, da tafiya a layin da babu ko inuwa ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne sabon yayin shafe tsakar gida da siminti kaf, ba a bar inda ruwa zai nutse ba balle inda za a dasa wani abu. Ka bar ko taku biyu. Dasawa ba ta da wuya, reno ne aikin: a kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a ba shi ruwan alwala da na ɗauraya har ya tsallake rani biyu. Bishiya ɗaya da ta rayu ta fi ɗari da aka dasa don hoto. Dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, har aka ƙiyasta sun dawo da bishiya kusan miliyan 200, ciki har da gawo mai yawa, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Ga kuma ladan da aka yi alkawari, cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukarka sadaka ce.

Na san gidan haya kake. Tsohon bokiti ko buhun siminti da ƙasa da taki ya isa alayyahu da tattasai. Kada ka ɗauki waɗannan shawarwari duka a rana ɗaya, iyali za su gaji su watsar. Ka kama bakko da kwanon ƙosai tukuna, in sun zame muku jiki ka ƙara wani. Ka sa yaran a ciki, ka ba kowa shukarsa, za ka ga har rigima suke a kan wa zai ba da ruwa.

Zogalen gidanmu ya yi 'ya'ya da yawa bana. Zan ƙulla maka iri in ba direban da ke kawo maka saƙo, tare da kuka da daddawar da Hajiya ta tanadar wa uwargida. In sun iso ka kira ni. Ka gaida yaran da kyau, ka gaida mutanenmu na can. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka,
abokinka na Tudun Wada.