Wasiƙa zuwa ga ɗana kan katin da yake son saya wa kwamfutarsa

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta isar mini da saƙonka, cewa ka tara 'yan kuɗi daga buga takardun da kake yi wa abokan karatunka, kana so in cika maka ka sayi katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, don wasanninka su daina tsattsayawa. Ban ƙi ba, guminka ne. Amma katin da ka ƙwallafa rai a kai, RX 580 mai gigabait 8, ba na kwamfutarka ba ne, gara kuma ka ji tun kuɗin na aljihunka.

Kwamfutar nan da na ba ka ta ofis ce, don rubutu da lissafi aka ƙera ta. Kwance murfin gefe ka haska fitilar waya a kan akwatin wutar da ke ciki, wanda masu gyara ke ce wa fawa. Akwai takarda manne a jikinsa, wat 240 aka rubuta. A cikin wannan 240 ɗin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke ci, da faifan ajiya, da fankoki, da komai. RX 580 kuwa shi kaɗai wat 185 yake sha idan wasa ya ɗauki zafi, kamfanin AMD da ya fito da shi a 2017 ma cewa ya yi a haɗa shi da fawa mai wat 500. Ramin da ake soka kati a babban allo, wato PCIe, iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Abin da ya haura haka sai an jawo waya ta musamman daga fawa, mai baki shida ko takwas, taka kuwa ba ta da ko ɗaya. Za ka haɗu da mai shagon da zai ce ai akwai 'yar wayar da ake jonawa a layin faifai ta koma mai baki takwas. Kada ka yarda. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Layin yakan yi zafi har robar ta narke, wani lokaci ta tafi da allon gaba ɗaya. Ga kuma gidan kwamfutar siriri ne, katin mai fanka biyu ko murfi ba zai bari ka rufe ba.

Abin da zai zauna maka lafiya shi ne katin da ramin kaɗai ke ciyar da shi. GTX 1650 na NVIDIA, wanda ya fito a 2019, gigabait 4 gare shi, wat 75 yake ci. Ka nemi ƙirar siririn gida mai guntun ƙarfen baya, ka kuma duba gefensa, don wasu kamfanoni sun yi nasu da bakin waya shida. Idan kuɗin sun kai, RTX 3050 mai gigabait 6 na 2024 ya fi shi ƙarfi, wat 70 kawai yake ci. Mai gigabait 6 na ce fa, ɗan'uwansa mai 8 sai da waya. RX 6400 zai ja hankalinka da araha, ni dai ban so maka shi ba: layi huɗu kacal yake da su na magana da allo, an yi shi don PCIe zubi na huɗu, na taka kuwa zubi na uku ne, sai ƙarfinsa ya ragu.

Na san za ka ce waɗannan ƙanana ne. To monitarka 1080p ce, hoto 60 take nunawa a daƙiƙa, furosesarka kuma i5 ce ta 2015 mai ƙwaya huɗu. Ko ka sa mata katin da ya fi kowane tsada, zaman jiran furosesa zai yi. Wasan ƙwallon nan naka da GTA V, 1650 zai tafi da su sumul idan ka bar saitin a tsaka-tsaki. In kuwa ranka na kan babba kamar RX 6600, wannan maganar sabon gidan kwamfuta ce da sabuwar fawa, galibi har da sabon allo, domin allunan kwamfutocin ofis bakin wutarsu daban ne. Sai ka yi haƙuri zuwa baɗi.

Yanzu maganar kasuwa, inda na fi jiye maka. Arahar RX 580 na hannu tana da dalili. Shekaru aka yi ana haƙar kuɗin intanet da irinsa dare da rana, da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen, ya daina amfani da haƙa a Satumbar 2022 sai aka kwararo su kasuwa. Wasu da sauran ƙarfinsu, wasu sun gaji. Akwai kuma jabu tsantsa: a ɗauki tsohon GTS 450 na 2010, a sauya masa suna a cikin manhajarsa, a liƙa takardar katin da ya fi shi, GTX 1050 Ti. Ga hanyar kama su da ido. In ka ga shuɗin bakin VGA, wato tsohon wurin jona wayar monita, a bayan katin da aka ce 1050 Ti ne ko 1650, ajiye musu abinsu, na gaske ba su da shi. Wannan ya tuna mini, monitarka da VGA take aiki, sai ka sa 'yar mahaɗar HDMI zuwa VGA a lissafinka.

Idan za ka shiga Beirut Road, kasuwar kwamfutoci ta Kano, ka ɗauki kwamfutar taka ka tafi da ita, nauyinta bai kai na asara ba. A sa katin a gabanka. Ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga ko sunan da girman ma'ajiyar sun dace da abin da aka faɗa, sannan ka kunna wasa ya yi kamar rabin awa kana kallon zafinsa. Ɗige-ɗige ko layuka a hoto, fanka mai karkarwa ko gurnani, bayan kati da ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar an gasa, ƙaurin ƙuna idan ka kai hanci, kowanne ya isa ka fasa. Mai kayan da ya hana gwaji kada ka tsaya ja-in-ja da shi, yi gaba. A rubuta maka kwanakin da za ka iya maidowa a jikin rasit, da lambar katin.

In kai za ka sa da kanka, zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen gidan kafin ka taɓa kati, ka danna shi har maƙallin ramin ya ce ƙas. Wayar monita a jikin kati za ka sa ta, ba a tsohon wurinta ba. Da yawa sun yi zaton an cuce su alhali nan ne kawai matsalar. Direba kuma, wato manhajar da ke sa katin aiki, daga shafin kamfanin za ka sauke.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan kati. RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sanda ɗaya ce mai gigabait 8, ƙara mata ta biyu irinta zai rage tsattsayawar nan sosai. Sitabilaiza ma dole ce, ka san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi, balle in an ta da janareta. Ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa, in hunturu ya shigo ka riƙa hure mata ƙura, ka tare fankar da yatsa lokacin da kake hurawa.

Wasa kuma bayan salla da karatu ne, ba sai na tsawaita ba. Cikon kuɗin zan turo ranar da ka kira ni daga shagon, kati na cikin kwamfuta yana aiki. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.