A Duba Ɗaki Kafin A Biya Kuɗin Haya: Jan Hankali Ga Ɗaliban Jami'ar Jos

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da iyaye da sababbin ɗaliban da ke zuwa Jami'ar Jos. Ɗakunan kwana na jami'a, irin na Naraguta da Village da Abuja Hostel, ba sa isar ɗalibai duka, shi ya sa ɗalibai da yawa ke kama haya a Unguwar Rogo, Farin Gada, Rusau da Unguwar Rukuba. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake biyan kuɗin shekara guda cikin gaggawa, ba tare da an duba komai ba sai fenti da kusancin makaranta.

Mu fara da abin da ke kashe mutum cikin dare ɗaya. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka kusa da digiri 10. Yaron da ya taso a Sakkwato ko Maiduguri bai saba da wannan ba, sai ya shigar da kaskon gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, har ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Gawayin da ke ci inda iska ba ta zagayawa yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, mutum ya zaci zazzaɓi ne ya ƙara jan bargo. Ko garwashin ya daina hayaƙi, gubar tana nan. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa waje, a nufi asibiti. Haka hukuncin yake ga janareto da ake ajiyewa a baranda ko ƙarƙashin taga. Bargo biyu da safa da hular sanyi sun fi kasko aminci.

Wanda ya guje wa gawayi kuma sai ya faɗa hannun lantarki. Hitar dafa ruwa tana jan wutar da ta kai wat 1,000 zuwa 1,500, risho na lantarki ma kusan haka, dutsen guga kuma wajen 1,000. Soket mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ne, in wayar cikin bango mai kauri ce, wato milimita 2.5, ka ga in an jona su uku a soket ɗaya an kai iyakar ko an wuce ta. Gidaje da yawa an yi musu wayarin da milimita 1.5, wadda ta ƙwan fitila ce. Ga kuma ekstenshan mai arha da wayarsa ba ta wuce zaren ɗinki ba. Waya ta yi zafi, robarta ta narke a cikin silin, katifa kuwa soso ce. Sau da yawa gobarar kan tashi ne bayan an ɗauke wuta, ɗalibi ya tafi lacca ya bar hita a jone, wuta ta dawo babu kowa. Kafin ka biya, dubi kowane soket: baƙin tabo ko warin ƙonanniyar roba na nufin an sha wahalar da shi. Ka kuma tambayi mitar gidan, ta kati ce ko ta bil, ɗaki nawa ke kanta, kuma ko akwai tsohon bashi. Bashin da wani ya ci, sabon ɗan haya ake cajewa in ba a rubuta ba.

Sai ruwa. Wanda ya ga rijiya cike a watan Satumba kada ya ruɗu. Ƙasar Jos dutse ce, rijiyoyi da yawa ba su da zurfi, kuma daga Fabrairu zuwa saukar damina sai su ja baya, a koma wajen 'yan garuwa. Tambayi maƙwabta, kada ka tsaya ga maganar dillali. Sa'annan ka auna da ƙafarka tazarar rijiya da ramin masai. Mita 30 ake so, ƙasa da 15 kuwa haɗari ne, musamman in masan yana ta saman gangare, domin daga nan taifot da amai da gudawa ke shigowa. Ruwan sha a bar shi ya yi tafasa sosai na minti ɗaya, ko a sa maganin tsaftace ruwa bisa ma'aunin jikin kwalbarsa a jira minti 30.

Game da kuɗi, kada a miƙa ko sisi sai an ga mai gidan ko wakilinsa da mai unguwa ya sani, domin akwai dillalan da ke karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. A rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa, la'adar dillali, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, da wanda zai gyara yoyon rufi ko kwashe masai. A ɗauki hoton ɗakin ranar shiga. Akwai kuma batun da kowa ke mantawa: a 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, haya tana tafiya ɗakuna na kulle. A yi wannan maganar da mai gida tun farko, a sa ta a takarda.

Ɗalibi kuma ya yi rajista a asibitin jami'a a makon farko, ya ajiye katinsa. Akwai tsarin inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, amma da yawa sai ciwo ya kwantar da su suke tunawa da shi.

Roƙonmu ga ofishin kula da harkokin ɗalibai shi ne ya buɗe rajistar gidajen haya da ke kewayen jami'a. Ya haɗa hannu da masu unguwanni da duba-gari da masu wayarin da suka san aiki, a riƙa zagaya gidajen sau ɗaya a shekara kafin sababbin ɗalibai su iso, a duba waya da rijiya da masai da taga. Gidan da ya cika sharaɗi a sa sunansa a jerin da za a bai wa ɗalibi tare da takardun rajistarsa, kuma a cikin jawabin maraba da sababbi a ware ko da minti goma ne domin batun gawayi, tunda hunturu ba ya jiran a gama zango.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu aikin wayarin da duba-gari,
Jos, Jihar Filato.