Ku ɗan waiwayi Ime Udoka a shafin wasanni

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Shafin wasanninku kullum Firimiya ne da Laliga, sai ka ce ba a buga ƙwallon kwando a duniya. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare, kuma ina so ku kawo wa matasa labarin Ime Udoka, ɗan wasan ƙwallon kwando da ya zama koci.

An haife shi a Portland ta Amurka a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Da ya gama jami'a a 2000, babu ƙungiyar NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ta ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasa. Haka ya yi ta fafutuka a ƙananan gasanni, ya buga a Sifen da Faransa, ya leƙa Lakers da Knicks na NBA, kafin ya samu gindin zama a ƙungiyar Portland a 2006, daga nan San Antonio Spurs. Bai taɓa zama tauraro ba. Aikinsa shi ne tare wa abokin hamayya hanya, irin wahalar da 'yan kallo ba sa tafa wa. Mu dai ya yi mana rana: ya sa rigar D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, a gasar duniya ta 2006 a Japan, inda Jamus ta fitar da mu da maki ɗaya tak, 78 da 77, ya kuma ci tagulla da mu a gasar Afirka ta 2005 da ta 2011.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa bayan ya ajiye wasa. Shekara bakwai, daga 2012 zuwa 2019, yana mataimakin koci a San Antonio Spurs ƙarƙashin babban koci Gregg Popovich, har suka ɗauki kofin NBA a 2014. Ya ƙara yin mataimaki a Philadelphia da Brooklyn kafin Boston Celtics ta ba shi ragama a 2021. Rabin kakar farko ƙungiyar tana tangal-tangal, amma ya gyara tsaron bayanta har suka kai wasan ƙarshe a 2022, Golden State ta doke su. Gaskiya ne Boston Celtics ta dakatar da shi a watan Satumban shekarar saboda karya dokokinta, kuma ban ce a ɓoye wannan ba. A 2023 ya karɓi Houston Rockets da ta ci wasa 22 kacal cikin 82 a kakar da ta gabaci zuwansa. Kakarsa ta farko suka ci 41, ta biyu 52.

A nan wajenmu, in za a naɗa koci sai a nemo wanda ya fi kowa zura ƙwallo a zamaninsa, a bar wanda ya daɗe a benci yana nazarin wasa. Yaran da nake koyarwa ma duk jifa daga nesa suke so, ba mai son tsaro. In kun buga tarihin Udoka da Hausa, zan liƙa shi a allon sanarwar makarantarmu.

Wassalam.
Wani malamin wasanni, Zariya