Wanda aka sallama daga aiki, kada ya fita hannu rabbana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da ƴan'uwanmu na Damagaram da aka sallama daga aiki, musamman tun da tallafin Amurka ya tsaya a 2025, furoje da dama suka rufe, direbobi da masu gadi da ma'aikatan ofis suka koma gida. Da yawa sukan ce "na bar wa Allah" su kama hanya, alhali dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tanadar musu haƙƙin da ko tambayarsa ba sa yi.

Kafin mutum ya miƙa makulli, ya tabbata ya karɓi takardar sallama wadda ta faɗi dalilin korar, da takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar shigarsa, ranar fitarsa da muƙamin da ya riƙe. Ya tattara takardun albashinsa, aƙalla na wata 12 na ƙarshe, don da su ake lissafi. Idan furoje ya naɗe tabarmarsa ya koma Yamai, neman sa hannu ɗaya sai ya ci wata uku.

Ga yadda lissafin kuɗin sallama yake ga mai kwantiragin dindindin da ya cika shekara guda, muddin ba babban laifi ya jawo korar ba. Ana ɗaukar matsakaicin albashinsa na wata, a ba shi kashi 20 cikin ɗari a kan kowace shekara cikin biyar na farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 a kan abin da ya haura goma. Mai albashin jika 150 da ya yi shekara bakwai: biyar na farko jika 150, biyun da suka biyo jika 90, jimla jika 240. Wannan ban da kuɗin wa'adi, wato wata guda ga mai albashin wata idan ba a bar shi ya yi aikin wa'adin ba, da kuɗin hutun da bai ci ba, kwana biyu da rabi kowane wata. Idan kuma an ce rashin kuɗi ne ya sa aka rage ma'aikata, akwai ƙarin albashin wata guda, kuma shi ake fara nema in za a sake ɗauka cikin shekara biyu. Mai kwantiragin ƙayyadadden lokaci da wa'adinsa ya cika ba shi da kuɗin sallama, amma kuɗin hutu da shaidar aiki nasa ne.

Kada a sa hannu a takardar "na karɓi komai" a tsaitsaye. A kai ta wa wakilin ma'aikata ko ɗan sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ya duba. In lissafi bai yi ba, a je ofishin sufeton aiki, shi ke kiran ɓangarori biyu sulhu, in ya gagara sai kotun ma'aikata. A kuma leƙa CNSS, asusun fanshon ma'aikata, a ga ko ana zuba kuɗin da ake cirewa a albashi. Nan ake yawan shan mamaki: an cire, ba a zuba ba. Fansho yana buƙatar wata 180 na zubi, kuma lambar mutum ta CNSS ɗaya ce duk inda ya koma, don haka kada a yarda sabon wurin aiki ya buɗe wata lambar.

Sai neman sabo. A yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, a karɓi kati, don ana yawan neman sa cikin dosiye. A tanadi takardar haihuwa, shaidar ɗan ƙasa da shaidun karatu, a buga musu hatimi kwafi biyar-biyar. Kaziye kuwa, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wata uku yake yi ya mutu, saboda haka a bari sai an ga sanarwa. CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, kada ya wuce shafi biyu, kuma ya faɗi aikin da aka yi a zahiri. Direba ya rubuta irin motar da ya tuƙa da hanyoyin da ya sani, Tanut ne, Gure ne, ko Magariya. A sa lambar wayar da ke kunne, da ta tsohon shugaba wanda aka riga aka nemi izininsa. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta waya don ya "shigar da dosiye", ɗan damfara ne.

Kuɗin sallama kuma ba jari ba ne tukuna. A fara ware haya da hatsin wata shida, a sanar da uwargida gaskiyar abin da ya rage, sannan a yi tunanin babur ko teburi a Kasuwar Dole. Wanda ya ga ofis ya yi nisa, ya tambayi FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ko cibiyar koyon sana'a mafi kusa lokacin da za su buɗe sabon zango na walda, wutar sola ko gyaran firji.

Wassalam.

Wasu tsofaffin wakilan ma'aikata,
Damagaram