Hatsarin Manyan Injuna a Aikin Mai da Gas: Ina Diyyar Lebura?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani al'amari da ba a cika ambatonsa ba idan ana murnar zuwan aikin mai da gas Arewa. Tun da aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, sannan aikin mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, matasanmu suke samun aikin leburanci a gefen katafiloli da injunan ɗaga kaya.

Faɗin wannan bututu inci 40 ne, kuma guda ɗaya yakan kai nauyin tan da dama, saboda haka idan wayar da ke riƙe da shi ta tsinke, ko ya yi lilo a sama, hular kwano ba za ta ceci wanda ke ƙarƙashinsa ba. Direban katafila ba ya ganin wanda ke bayansa sa'ad da yake juyawa, ramin bututu yakan rufta da damina, a rijiyar mai kuwa ƙarfen da ke juyawa yana fizgar hannu ko riga cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan rauni. Sau da yawa lebura na ƙaramin ɗan kwangila ne, ba shi da takardar ɗaukar aiki, sai a biya masa kuɗin asibiti, a ce ƙaddara ce, a sallame shi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke haƙƙi. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi, ta wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikata ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni, ya kuma kai rahoton rauni cikin kwana 7.

Ina kira ga hukumomin NUPRC da NMDPRA, masu sa ido kan harkar mai da gas, su tilasta a riƙa yin bayanin tsaro da Hausa kafin a fara aiki, a kuma sa mai ba da hannu a gefen kowane injin ɗaga kaya. Jaridarku ma ta tura wakilanta ƙauyukan da bututun ya ratsa su tambayi ma'aikata ko an yi musu rajista da NSITF.

Wassalam,
Wani mai karatu, Zariya