Tunawa da Yaya Malam, wanda sanƙarau ya ɗauke a 2017

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi maganar yayana, wanda duk gidanmu har Inna da ta haife shi Yaya Malam muke ce masa. Abin da ya taso da maganar, satin da ya wuce na tsaya cire kuɗi wajen wani mai POS a tashar Ƙauran Namoda, yaron sai kallona yake kamar na ci masa bashi, can ya ce Baba don Allah kai ba ƙanin Malam ba ne mai jan keke? Na ce ni ne. Wallahi yaron nan ƙin karɓar cajinsa ya yi, wai Malam ne ya koya masa haɗa baƙi yana aji uku bayan kowa ya gama yanke masa hukuncin daƙiƙi. Na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba.

Yaya ya yi NCE ɗinsa a Kwalejin Ilimi ta Maru, aka tura shi wata firamare a ƙauye, kullum da sassafe sai ya soke ƙafar wando cikin safa ya hau keken nan. Ajinsa yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, allon ma duk ya koɗe, ni da idona na sha ganinsa yana fasa tsohon batirin tocila ya kwaɓa baƙin cikin da ruwa ya tafi da shi a gwangwani don ya shafe allo alli ya fito. A lokacin mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne, nasa bai wuce nan da nisa ba, amma in wata ya yi sai ya sayo fensir dozin guda ya yanka kowanne biyu ya raba. Matarsa har faɗa take, kuma gaskiyarta ne, akwai ranar da gidan ko sabulu babu.

Yana da zafi fa, ba zan ɓoye ba. Ni kaina na sha dorinarsa a kan jadawalin sau.

Da bazarar 2017 sanƙarau ya yi ƙamari, Zamfara ce ta fi ko'ina jin jiki, sai Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Daga baya muka ji likitoci na bayani a rediyo cewa nau'in C ne, allurar da aka yi wa jama'a shekarun baya kuwa ta nau'in A ce, ba ta tare wannan. Ran Talata ya dawo yana cewa kansa kamar zai tsage, muka ce zazzaɓin cizon sauro ne aka sayo magani a kemis, wannan kwana biyun da muka ɓata har yau suna ci mini rai. Ran Alhamis wuya ya sanƙare, ko haske ba ya son gani, muka ɗauke shi a mota zuwa asibiti, kafin asubar Asabar rai ya yi halinsa. Shekararsa 32, ya bar mata da 'ya'ya biyu, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Ranar jana'iza yaran ajinsa suka zo da yunifom, wasu ba takalmi, suka jeru can bayan sahu ba wanda ya kira su.

Edita, roƙona ga masu karatu, in zafi ya shigo ka ga ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da taurin wuya, kar a tsaya kemis kamar yadda muka yi. Waɗanda suka zauna ajinsa kuma in sun ga wannan su sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙan Yaya Malam, Ya sa Aljanna ce makoma. Keken na nan a zaure, babban ɗansa ya fara hawa bana, sai da muka sauke masa sirdi.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙauran Namoda