A sa harshen maƙwabta cikin sharuɗɗan digirin hulɗar ƙasashe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun da ɗana na biyu ya gama jami'a.

Ni ɗan kasuwa ne a Jibiya, shekara talatin ina kai da kawo tsakanin nan da Maraɗi. Ranar da yaron ya ce zai karanta hulɗar ƙasa da ƙasa da tsare-tsaren gwamnati na sa masa albarka, domin mu mutanen bakin iyaka mun san abin da sa hannu ɗaya a Abuja ko Yamai yake yi wa tukunyarmu. An rufe boda a Agustan 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma duka biyun mun ji a jikinmu.

Ba abin da aka nema da bai kawo ba. Kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan JAMB. Ya yi shekara huɗu, ya ci kwasa-kwasan da aka ɗora masa, ya rubuta furojet ɗinsa a kan ECOWAS, ya fito da sakamako mai kyau.

Bara muka tafi Maraɗi tare, aka ba ni wata takardar kaya da Faransanci. Na miƙa masa ina alfahari. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Baba, gaisuwa da ƙirge kawai aka koya mana, zango biyu a aji ɗaya, daga nan ba a sake komawa kai ba." Wani yaro mai cika wa direbobi takardu a tasha ne ya karanta mana. Ban ga laifin ɗana ba, abin da aka shimfiɗa masa ya bi. Amma har muka iso gida bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya dame ni.

Ya Edita, ƙasashe huɗu muke iyaka da su ta ƙasa: Benin, Nijar, Chadi da Kamaru. Dukkansu da Faransanci suke aikin ofis, Chadi kuma ta haɗa da Larabci. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 a Njamena take. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar a Yamai take. To yaya za a ba mutum digirin hulɗa da ƙasashe alhali ba ya iya karanta wasiƙar maƙwabcinsa? Wani zai ce ai Hausa ta wadatar. A kasuwa, ƙwarai kuwa, da ita nake ciniki tun ina saurayi. Amma takardar kwastan da yarjejeniya ba da ita ake rubuta su ba.

Roƙona ga jami'o'inmu ne, musamman na Arewa. A sabon tsarin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, an bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A yi amfani da wannan dama. A sa Faransanci ko Larabci ya zama dole tun daga aji ɗaya har aji huɗu, kuma kada a yaye ɗalibi sai ya karanta takardar ofis ya fassara ta a gaban malamai. Muna da cibiyar koyon Faransanci a Badagiri da ta Larabci da aka kafa a Ngala, a riƙa tura waɗannan ɗalibai ko da zango guda ne. A ƙara musu da wata uku na sanin makamar aiki a bakin iyaka ko a ma'aikata, su ga yadda doka take sauka kan talaka.

Yanzu haka na ɗauko wa ɗana wani malami daga Maraɗi yana koya masa da yamma, ni nake biya duk wata. Abokansa da suka gama tare, da yawa iyayensu ba su da halin yin haka.

Wassalam.

Daga wani uba,
Jibiya, Jihar Katsina.